Shanyar Lubabatu

Tun ranar da Jabiru ya ji cewa Malam Baballe, mahaifin budurwarsa Lubabatu, ya je bincike wurin manajansu, abinci ya daina wuce masa maƙogwaro da daɗi.

Ba a ɓoye aka yi ba, hanya ce da kowa ya sani. In saurayi ya nemi izinin turo magabatansa, uban yarinya ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai ya tambayi unguwa, ya tambayi masallaci, sannan ya tambayi wanda saurayin yake ci a ƙarƙashinsa. Mutanen garinsu Madachi sun yabi Jabiru. Limaminsu ya ce bai taɓa waiwayawa sahu ya rasa shi ba. Saura maigida.

Shi kuwa maigidan, Manaja Shamsuddeen na injin casar shinkafa da ke bakin titin Rano, ya karɓi dattijon da mutunci. Ya ba shi kujera, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya faɗa masa abin da shi ya ɗauka gaskiya ce. Ya ce yaron ba ɓarawo ba ne, ba ya shaye-shaye, amma hannunsa ba ya riƙe abu. Duk abin da aka damƙa masa, a jira lalacewarsa.

Da bara aka yi wannan tambayar, da wata amsa dattijon zai koma da ita gida, Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya.

Shekara shida Jabiru ya yi a kan injin nan a hannun tsohon manaja, Malam Ubaidullahi, mutumin da ba ya tsayawa a kan ma'aikaci. In mata masu gumi, wato masu turara shinkafa, sun kawo shanshera, shinkafar da ba a casa ba, suna ta ƙorafin kada a ɓata musu, sai ya nuna musu Jabiru da haɓa, ya ce su bar masa, ya fi shi sani, ya koma inuwa abinsa. Jabiru kuwa ya ɗebi ƙwaya biyu ya ciza. Daga yadda ta karye a haƙorinsa ya san ko ta bushe daidai, ko da sauran danshi, ko rana ta yi mata yawa. Sai ya matsa wuƙar inji ko ya sassauta ta, wato ƙarfen nan da ke gogar ƙwaya ya raba ta da buntu, ya karkata kunne yana sauraron kukan injin. Shinkafa ta riƙa zubowa doguwa, kowace ƙwaya da mutuncinta. Daga Lausu, daga Kibiya, ana tsallake injina biyu uku a zo masa.

Ciwon ƙafa ya zaunar da Malam Ubaidullahi a gida. Mai injin, wani Alhaji da ke zaune a Kano, ya turo Shamsuddeen, matashi mai digiri, mai tsafta da son tsari. Sai aka yi rashin sa'a, ranar da ya fara zuwa bel ɗin inji ya tsinke ana tsakiyar aiki, rabin buhu ya fito tsaki. Manajan ya dubi tsakin, ya dubi Jabiru, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gama karanta takarda ya ninke ta.

Daga ranar bai sake kallonsa da wani ido ba.

Ba ya zagi. Da zagi yake yi ma da ya fi sauƙi, mutum ya ji zafi ya huce. Zuwa yake ya tsaya a bayan Jabiru, hannuwa a goye, ƙamshin turarensa yana ratsa warin man inji. Kafin Jabiru ya taɓa wuƙa zai ce masa a hankali dai, kada a maimaita irin ta jiya. Ya hana shi cizon ƙwaya a gaban masu kaya, ya ce haƙori ba ma'auni ba ne, ƙauyanci ne. In wata ta kawo shanshera mai kyau, sai ya ce a kai wa Habu, mai riƙe da inji na biyu, wai kada a yi asara.

Abin mamakin shi ne Habun. Mutum ne da a da sai rana ta take yake isowa, yana hamma. Da manaja ya fara cewa a gaban kowa Habu ne ƙashin bayan wurin nan, sai ga Habu yana riga kowa zuwa, yana goge inji, yana tambayar abin da bai sani ba. Cikin wata huɗu hannunsa ya faɗa.

Jabiru kuma ya soma mantuwa. Ya matsa inda ya kamata ya sassauta. Ya daina jin kukan inji, sai numfashin mutumin da ke bayansa. Tsaki ya yawaita a kwanonsa, kuma duk ranar da ya yawaita manaja ba ya ma nuna fushi, murmushi yake yi irin na wanda zancensa ya fito. Leburori suka sa masa suna Malam Tsaki. Da farko yana dariya tare da su. Daga baya ya kama kansa yana amsawa.

Ran Litinin bayan La'asar ya hau babur ya nufi Unguwar Gai. Bazara ce, rana ta sunkuya amma ƙasa ba ta huce ba. Ya daɗe a ƙofar zauren Malam Baballe kafin ya iya yin sallama.

Lubabatu ta fito da tabarma a hannu. Shekara biyu ke nan yana zuwa wurinta, tun tana sabuwar malama a Islamiyyar unguwar, bai taɓa ganin ta fito ba kwalli ba sai yau. Ta shimfiɗa masa, ta zauna can gefen ƙofa, ta gaishe shi da muryar da ta sha kuka.

Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce da Baba ya dawo daga Rano, washegari ya gaya wa Inna abin da manaja ya faɗa. Kafin azahar maganar ta isa kunnen Gwaggo Fulera, ƙanwar Baban, wadda da ma tun bara take tallan Murtala. Murtala ɗan ƙawarta ne, yana da motar ɗaukar kaya tasa ta kansa, yana jigila tsakanin Kibiya da Kano. Gwaggon ta zo ta zauna a tsakar gida tana tafa hannu, tana cewa ga mai mota yana jira ana bin mai niƙa wa mutane tsaki, wanda ubangidansa ma ya tsine wa hannunsa.

Jabiru ya tambaye ta abin da Baban ya ce, idonsa a kan tabarma.

Ta ce Baba ya ce shi ba zai yi wa 'yarsa dole ba, ba ta yi masa abin da zai yi mata haka ba. Amma kuma ba zai ɗauki 'ya ya ba mutumin da maigidansa ya kushe ba. Sai dai shi ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Gobe da safe zai ɗauki buhu huɗu na shansherarsa, abincin gidan har zuwa kaka, ya kai injin, ya ce Jabiru yake so ya casa masa, shi kuma ya tsaya ya gani da idonsa.

Sannan ta ƙara da cewa Murtala ne ya ce zai kai kayan a motarsa, kyauta.

Jabiru ya ɗago kai, ya dube ta.

"Luba," ya ce, "ba zan iya ba."

"Kada ka ce haka."

"Ba ki san yadda nake yanzu ba. In mutumin nan ya tsaya a bayana, wallahi sunana ma sai na yi tunani. Hannun nan da kike gani ba nawa ba ne. Wataƙila ma gaskiyarsa ce. Wataƙila da can sa'a ce kawai nake ci, Malam Ubaidullahi yana rufa min asiri."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Shekara shida sa'a? Innata da bakinta ta ce tun da ake kai mata casa ba ta taɓa ganin irin taka ba. Tun kafin ka san ni ake kawo shinkafarka gidan nan. Yanzu don wani ya zo daga birni ya kalle ka a karkace, shi ke nan ka yarda? To ni fa, Yaya Jabiru? In ka ce ba za ka iya ba, ni ina zan sa kaina? Baba ba zai yi min dole ba, na sani. Amma kwana nawa zan yi ina ce wa Gwaggo a'a, ina ce wa Inna ta ƙara haƙuri, alhali wanda nake yi dominsa ya riga ya sallama?"

Ta ja gefen hijabinta ta toshe baki har kukan ya lafa. Can sai ta ɗago, fuskarta ta ɗan saki, kamar wadda ta tuna da kyautar da ta ɓoye.

Ta ce ya kwantar da hankalinsa, ta riga ta yi masa rabin aikin. Tun da Baba ya fara zancen kai shanshera, ta hana kowa taɓa gumin, ita ta jiƙa, ita ta turara da hannunta. Kuma ta tuna ya taɓa gaya mata cewa babu abin da ke ɓata masa aiki irin shinkafa mai danshi. Don haka ba ta yi shanyar tsakar gida irin ta Inna ba. Kan falalen dutsen bayan gida ta kai, inda ko kaza ba ta iya takawa da rana. Kwana biyar cur, daga hantsi har rana ta faɗi, ba ta bari ta ga inuwa ba ko sau ɗaya. Ta miƙo hannuwanta ta nuna masa yadda rana ta dafa su.

"Ko ɗigon danshi babu," ta ce. "Ka zuba kawai."

Jabiru ya lissafa a ransa.

Kwana biyar a kan dutse, a bazara. Shinkafar gumi wuni guda take so a rana, sannan a ja ta inuwa ta huce a hankali, a ƙarasa washegari. In aka bar ta ta gasu haka, cikinta tsattsagewa yake yi tun tana cikin buntunta. Ido ba ya gani. Sai ta shiga inji take watsewa.

Akwai dabara, ya san ta. A yayyafa mata ruwa kaɗan da tafin hannu, a juya, a rufe a inuwa ta kwana ta yi laushi, a sassauta wuƙa a bi ta sannu. Ba duka za a tsira da ita ba, amma za a fita kunya. Da ya faɗa mata a lokacin, da ta yi kafin Magariba.

Ya buɗe baki. Sai ya ga hannuwan nan da ta miƙo, ya ga yadda take kallonsa tana jiran ya yi murna. A bayan wannan kuma wata murya ta taso masa, mai sanyi, mai ladabi irin ta manaja, tana tambayarsa shi wa ya gaya masa ya sani. Shi da ya yi wata takwas yana ɓata kayan mutane, shi ne zai ce a zuba wa abincin gidan surukai ruwa? In ya sa aka jiƙa ta yi fumfuna fa? In lissafinsa na kwanakin shanya ma ƙauyanci ne irin na haƙori fa?

Ya rufe bakinsa. Ya ce mata Allah ya yi albarka, ya saka da alheri. Ta yi murmushin farko tun fitowarta, shi kuma ya tashi da ƙyar, ya ce yana so ya isa Madachi kafin a kira salla.

Washegari tun kafin ƙarfe takwas motar Murtala ta tsaya a ƙofar injin. Murtalan ya diro da fara'arsa, dogo, mai faɗin kafaɗa, ya zagaya ya buɗe wa Malam Baballe ƙofa har da riƙe masa sanda. Ya hango Jabiru ya ɗaga masa hannu, ya tambaye shi ya aiki, ya ce yau dai a yi musu ta gani ta faɗa, shi ma zai tsaya ya koyi sana'a. Leburori suka yi dariya suna sauke buhuna.

Jabiru ya durƙusa ya gaida dattijon. Malam Baballe gajere ne, busasshe, mai ƙarancin magana. Ya amsa gaisuwar ba sakin fuska ba ɗaurewa, ya nemi wani dutse kusa da bakin injin ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sandarsa.

Manaja ya fito daga ofis. Da ya ji buƙatar dattijon, sai ya ba shi shawara cikin girmamawa, ya ce ga Habu nan, in dai shinkafar ake so ta fito. Malam Baballe ya ce ya gode, amma wannan yaron yake so. Manajan ya ɗaga kafaɗa, ya ce to, shi dai ya fita haƙƙinsa. Ya tako ya tsaya inda ya saba tsayawa.

Aka kwance buhun farko. Jabiru ya tura hannu ciki. Shansherar ta yi wani ƙaras-ƙaras a tafinsa, mara nauyi, har yanzu kamar da ɗumin dutse a jikinta. Ya sunkuya kamar mai gyara bakin buhu, ya faki ido ya jefa ƙwaya biyu a baki.

Ba ta karye ba. Rugujewa ta yi, kamar ya ciji gilashi.

Yanzu babu sauran shakka. Ya miƙe, ya juya, yana neman ta inda zai fara. Manaja ya riga shi. Ya ce masa a hankali, yadda dattijon zai ji, cewa ya ga abin da ya yi, kuma ya sha gaya masa nan ba ƙauye ba ne. In wani uzuri yake shirin kawowa tun kafin a fara, ya ajiye shi. Ga mata a layi tun asuba. Ya ce ya zuba, kuma a hankali dai.

Jabiru ya dubi Malam Baballe. Dattijon yana kallonsa, ba ya ƙifta ido. Murtala ya jingina da motarsa yana wasa da makulli. In ya ce shinkafar ta ƙone a rana, tambaya ta gaba ita ce wa ya shanya ta, a gaban manaja, a gaban Murtala, a gaban matan Rano da za su kai labari har Kibiya kafin azahar. In kuma ya ce a jira gobe, manaja zai yi murmushin nan nasa.

Ya tada inji. Ya ɗaga kwano ya zuba.

Ya sassauta wuƙa iyakar yadda zai iya, amma ya wuce misali, buntu ya fara fitowa da ƙwaya a ciki. Manaja ya yi gyaran murya. Jabiru ya firgita ya matsa, ya matsa da yawa. Kukan injin ya canza, ya koma wani ƙara mai kaifi, abin da ke zubowa a kwano kuma ko mai tuwo sai ta yi tunani kafin ta saya. Tsaki ne fari fat, ƙanana kamar gero.

Wata daga cikin matan layi ta yi salati ƙasa-ƙasa. Wata ta jawo buhunta ta matsar da shi wajen injin Habu.

Kwano na biyu, na uku, na goma. Jabiru yana zubawa kamar wanda aka ɗaure wa hannu da igiya ana ja. Zufa tana shiga masa ido. Buhun farko ya ƙare. Leburori suka jawo na biyu suka fara kwance bakinsa.

Manaja ya juya wajen dattijon. Babu mugunta a muryarsa, har da ɗan tausayi.

"Malam, ai na gaya maka."

Jabiru ya dubi buhu na biyu. Ya ga abincin gida guda har zuwa kaka, ya ga wadda ta tsaya kwana biyar a kan dutse tana juya shi. Bai san lokacin da hannunsa ya kai ga makunni ba. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Doka ce a wurin, ba mai kashe inji da kaya a ƙasa sai da izinin manaja. Shirun da ya biyo baya har Habu ya ji shi, ya rage nasa injin yana leƙowa.

Manaja ya ce ya tada. Jabiru bai motsa ba. Manajan ya sake faɗa, wannan karon ba a hankali ba.

"Ranka ya daɗe, ba zan zuba ba." Muryar Jabiru ta fito siririya, tana karkarwa, kamar ba tasa ba. "Ko wa ya zuba ta yau, haka za ta fito. Ba zan ƙara ko kwano ɗaya ba."

Manajan ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce ya ɓata buhu guda, ya kashe inji ba izini, yanzu kuma yana mayar masa da magana a gaban baƙi. Ya ce ya yi haƙuri da shi wata takwas don ba ya son raba mutum da abincinsa, amma abin ya isa. Ya ce Jabiru ya ajiye masa makullin akwatin kayan aiki, ya fita. Ya ba dattijon haƙuri, ya ce Habu zai ƙarasa sauran, ba sai ya biya ko sisi ba.

Malam Baballe ya ce a dakata.

Ya tashi da sandarsa, ya taka zuwa buhu na biyu, ya ɗebi ƙwaya ya sa a baki. Gumi aikin mata ne, tun da aka ɗure buhunan bai taɓa su ba sai yanzu. Ya tauna sau ɗaya. Ya tsaya. Ya tofar a tafinsa ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce wa leburori su ɗaure buhunan su fitar masa da su waje, har da na tsakin.

A bakin titi, nesa da kunnen mata, ya kira Jabiru da hannu. Jabiru ya zo ya durƙusa a kan tsakuwa.

"Kwana nawa ta yi a rana?"

Jabiru ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Baba, laifina ne. Ni na zuba."

"Ban tambaye ka na wane ne ba. Wanda ya shanya, gidana yake, na san shi." Dattijon ya gyara tsayuwa. "Kafin ka zuba, ka san haka za ta fito?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya."

"To me ya sa ka zuba?"

Hawayen Jabiru ya ɗigo a kan tsakuwa.

"Tsoro, Baba."

Wata tirela ta wuce ta girgiza ƙasa. Da Malam Baballe ya yi magana, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi buhu guda bai dame shi ba, tsaki ma a ci shi a sha ruwa. Abin da ya dame shi, mutum ya san gaskiya a bakinsa, ya haɗiye ta don wani ya tsaya a bayansa. Aure kuwa ba a rasa mai tsayawa a baya, in ba uwa ba gwaggo, in ba gwaggo ba abokai. Ya ce da Jabiru bai kashe injin a buhu na biyu ba, da yanzu shi yana mota, maganar auren ta mutu.

Sai ya tambaye shi, da injin nasa ne, ba kowa a kansa, me zai yi wa ukun da suka rage.

Jabiru ya faɗa, yana sarƙewa da farko. Ruwa kaɗan da tafin hannu, ba kwarara ba. A juya har ya ratsa. A rufe a inuwa ta kwana. A sassauta wuƙa, a bi ta sau biyu maimakon sau ɗaya. Ya ce ba zai yi alƙawarin duka ba, amma kashi biyu cikin uku za ta fito da tsawonta. Yana cikin bayanin ya ji muryarsa ta daina rawa, sai ya tsorata da hakan ma.

Murtala ya matso yana tambaya ko a mayar da kayan mota, ya san wani inji a Kibiya, mai shi abokinsa ne. Dattijon ya ce ya ɗora na tsakin kawai.

"Ukun nan a hannunka suke," ya ce wa Jabiru. "Ran Alhamis bayan La'asar ina zaure. Ran Juma'a mutanen Murtala za su zo gaishe ni, ban ce musu komai ba tukuna."

"Baba, an kore ni. Ba ni da inji. Duk Rano an san sunan da ake kirana, wa zai ba ni nasa in taɓa?"

"Wannan kai ya dama." Dattijon ya juya zai tafi, ya sake waiwayowa. "Kuma ban ce ka gwada ba. Cewa na yi ka kawo min shinkafata."

Murtala ya buɗe masa ƙofa, wannan karon ba fara'a. Motar ta tashi ta bi hanyar Kibiya da buhun tsaki a bayanta, wanda Lubabatu za ta kwance da hannunta kafin azahar.

A ciki injin da Jabiru ya yi shekara shida a kansa ya sake tashi, a hannun wani. Shi kuma yana durƙushe a bakin titi da buhu uku, da babur da ba ya ɗaukar fiye da ɗaya, da kwana biyu. Rana ta fara hawa, tana dukan buhunan kai tsaye.

Ya miƙe da sauri, ya kama kunnen na farko da hannu biyu, ya fara jan sa zuwa inuwar darbejiya.